Jan Ƙyalle a Gonar Malam Dauda

Duk shekara idan aka kawo ku gonar gwaji, ku ɗaliban aikin gona 'yan ajin ƙarshe, sai an sami wanda zai leƙa cikin akwatina ya ce, "Baba Tasi'u, dama kayan aikin ke nan?" E, su ke nan. Ɗan almakashi irin na gyaran gashin baki, hantsaki mai bakin allura, ambulan na farar takarda, fensir, sai jajayen ƙyallaye da nake yagowa daga tsohon zanin uwargida. Sai ku yi dariya, wani ya ce wannan ai a waya ma zai koye shi kafin azahar. Ba na jin haushi. Ni ma ranar da aka fara miƙo mini hantsakin nan, na ɗauka ƙaya za a ce in cire wa wani.

Aikina haɗa auren shinkafa. Ita shinkafa ba ta neman miji a waje, kowane ɗan furenta da namiji da mace a ɗaki ɗaya suke, kanta take aura. Idan ana son a haɗa jinin wadda ke jure wahala da na wadda ke cika buhu, dole a riga ta. Da la'asar sakaliya za ka kafa 'yar kujera cikin taɓo, ka zaɓi zangarniyar da ta fara leƙowa, ka datse kan kowace ƙwaya a karkace, ka sa hantsaki ka zaro 'yan zaren namiji guda shida da ke ciki. Ka manta ɗaya, ka yi aikin banza, ta auri kanta. Ka ƙwarzane macen, ta mutu. In ka gama sai ka rufa mata ambulan. Washegari da hantsi, lokacin da furen ɗaya shinkafar ya buɗe, ka yanko zangarniyarsa ka karkaɗa garin a ciki, ka mayar da ambulan, ka rubuta sunan uwa da uba. Furen shinkafa ba ya jiran kowa. Ka tsaya gaisawa da mai babur a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ka dawo ka tarar ya rufe, sai gobe.

Wanda ya koya mini Farfesa Haladu ne, lokacin ko dakta bai zama ba. Ni ɗan Kura ne, na zo da 'yar takardata ta makarantar koyon aikin gona, ina ganin tunda a cikin shinkafa aka haife ni babu abin da za a nuna mini. Sai ya sa ni cire zaren namiji, mu rufe da ambulan, amma kada a karkaɗa garin kowa a ciki. Idan ƙwaya ta fito, ita ce shaidar na bar zare. A daminar farko shaidu suka yi mini yawa. Ba ya faɗa. Zai tsinko ƙwayar, ya zura mini a aljihun gaba ya ce, "Ga 'yarka nan, ka kai ta gida." Na fi jin wannan a kan mari. Ranar da muka buɗe ambulan bayan ambulan babu ko ƙwaya ɗaya, ya ɗauko almakashinsa na kansa ya ba ni. Shi ne wannan da kuke rainawa.

Amma haɗa aure rabin aiki ne. 'Ya'yan farko duk kamarsu ɗaya, sai an kai ga jikoki ake ganin ikon Allah: doguwa, gajera, mai saurin nuna, mai nawa, mai kwanciya da an yi iska, fangali guda amma kowace da halinta. A cikin wannan taron ake tsame 'yan kaɗan a ci gaba da su, a watsar da saura. Nan ne Farfesa zai naɗe wando ya shiga ruwa, mu bi shi a baya. Ya tsaya, ya shafa, ya nuna da baki, ni kuma in ɗaura jan ƙyalle. Hannun nawa ne, idon nasa. Na bi shi tun ina da baƙin gemu har ya yi fari, amma da za a ritsa ni a ce me ya sa ya zaɓi wannan ya bar waccan, sai dai in ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Kada ku ɗauka rowa yake yi. Ba a tambaye shi ba ne. Ɗalibi yana ganin in ya ce "me ya sa" ya nuna jahilcinsa. Ƙaramin malami yana ganin rashin kunya ce ya titsiye wanda ya koyar da shi. Ni kuwa ina ganin ba hurumina ba ne, ni da aka ɗauka don hannu. Haka muke binsa shiru, 'yan makaranta na rubuta lambar tsiro, kowa na gyaɗa kai kamar ya gane. Jami'a kuma kun san ta, kowa da ofishinsa. Masanin ƙasa da masanin iri bango ɗaya ne tsakaninsu, buta ɗaya suke alwala da ita, amma wannan bai san abin da wancan ya gano ba sai ya gani a mujalla.

Masu jiran aikinmu manoma ne, kuma a cikinsu babu wanda ya zauna mini a rai kamar Malam Dauda. Gonarsa tana can ƙarshen ruwa ta wajen Bunkure, inda magudanai suka toshe, ruwa ya riƙa kwana, ƙasa ta fara tofo kanwa. Da rani za ka ga saman fangali fari fat. Ka dasa shinkafa ta kama, ta yi kamar za ta yi, sai bakin ganye ya ƙone ta tsaya cak. Malam Dauda malami ne ɗan malamai, yana da makaranta a zaurensa, amma da gonar nan yake ci da gida. Maƙwabtansa sun fara sakin nasu suna tafiya birni neman leburanci, 'ya'yansa maza ma sun fara maganar bin su. Shi ya ba Farfesa fangalin da ya fi kowane lalacewa ya ce, "Malam, ku ɗauka ku yi gwajinku. Nan ko jaki ba ya tsayawa kiwo."

Farfesa ya ce, "In Allah ya yarda, sai ka ci tuwon wurin nan."

Wannan shi ne aikinsa na ƙarshe, shinkafar da za ta jure kanwa. Ya samo wata tsohuwar shinkafa mai taurin rai amma ba ta da auki, na aura mata wata mai auki amma 'yar lele. Muna cikin bin jikokinsu ritaya ta zo masa, sannan wani abu ya biyo baya. Da farko makulli yake mantawa, daga baya hanyar gida, har ya kai zai gaishe ka, ku zauna, ya sake miƙo hannu ya tambaye ka iyali.

Wadda ta gaje shi ɗalibarsa ce, Dakta Asma'u. Mace ce mai ƙwazo, ta san jinin shinkafa a ɗakin bincike fiye da yadda na san 'ya'yana. A lokacin jami'a ta fito da wani tsari na tattara ilimin tsofaffin malamai kafin su tafi da shi. Aka kwashe takardun Farfesa kaf aka zuba a kwamfuta, kuma ba na raina wannan, ko ba komai an raba su da gara. Sai dai takardun suna faɗin wacce ya zaɓa, ba sa faɗin dalili. Don haka aka ɗauko shi daga gida cikin babbar riga, aka zaunar da shi a ofis gaban kyamara. Dakta ta rusuna ta ce, "Malam, yaya ake gane tsiron da ya kamata a ɗauka a ƙasa mai kanwa?"

Ya dube ta, ya dubi kyamara, ya gyara hula ya ce, "A duba mai kyau a ɗauka."

Ta sake juya tambayar ta kowace fuska, amsar ke nan. Da ta fito ta same ni a baranda, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Baba Tasi'u, mun makara."

Sannan muguwar shekara ta zo. Aka shiga dogon yajin aiki, aka yanke wuta, janareta babu mai. Ɗakin sanyin da muke ajiyar iri ya koma tanda. Da aka buɗe na jiƙa iri a tsumma don gwaji, iyayen shinkafar nan da duk ajiyar jikokinsu babu wanda ya tsira, sai wari. Abin da ya rage a duniya na wannan aiki shi ne wanda na dasa a fangalin Malam Dauda, don gona ba ta san yajin aiki ba. Kuma ga shi ya fara fitar da kai. In aka yanke shi a haɗe, masu kyau sun narke cikin marasa kyau. In aka zaɓa ba daidai ba, babu ajiyar da za a koma wa. Dakta takan zo a motarta, ta tsaya a kan kunya da takardu a hannu, ta daɗe tana kallo. Ta ce mini, "Na san abin da nake nema a cikin jininsu, amma a tsaye ban san fuskarsa ba. Ina tsoron in ɗaure aikin Malam a kan ƙarya."

Ni na je na roƙi Hajiya, matar Farfesa, ta ba mu aron sa da safe-safe. Ta ce mu tafi da shi ko ya sha iska, don a gida yini yake yana kallon bango. Muka kafa masa kujera a inuwar dalbejiya a bakin fangali. Ya gaisa da Malam Dauda, ya sake gaisawa da shi. Dakta ta nuna masa shinkafa ta ce, "Malam, wacce za mu ɗauka?" Ya ce, "Duk na Allah ne." Muka yi safiya da safiya a haka, zangarniya na ƙara sunkuyawa.

Wata safiya na sunkuya zan gyara tiyon da ke zubo ruwa daga kanal, ƙyallayen da ke kafaɗata suna ta zamewa. Don kada su faɗa ruwa sai na ɗaura su a jikin tsiron da ya fi kusa, wata doguwa koriya shar, son kowa. Ban ɗago ba na ji murya a bayana, muryar da na yi shekaru ban ji ba.

"Kai Tasi'u! Hankalinka ɗaya kuwa?"

Na juya. Farfesa ya miƙe, ya tuɓe takalmi, yana naɗe wando. Ya shigo ruwan nan babu mai riƙe shi, ya zo ya fincike ƙyallayen.

"Wannan ai 'yar gata ce. Ba ka ga inda take tsaye ba? A bakin ruwa take, ruwan daɗi yana wanke mata gindi safe da yamma. Ina ta san kanwa? Kai ta tsakiya ka ga in za ta kwana. Ba a duban tsiro shi kaɗai, sai ka dubi maƙwabtansa. Wadda ta tsaya da ƙafarta inda na kusa da ita suka mutu, ita ake nema."

Yana gama faɗa ya tsaya yana kallon ƙyallayen da ke hannunsa kamar bai san inda ya samo su ba. Na kama shi na mayar da shi kujera. Farin ciki da tausayi suka haɗe mini wuri ɗaya.

Malam Dauda da ke tsugune a kan kunya ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar. Haka mahaifinmu ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Bai san sunana ba, amma yana kwance a ɗaki in ya jiyo mai karatu ya yi tuntuɓe a zaure, nan take zai ɗaga murya ya gyara masa. Malami yana manta 'ya'yansa, ba ya manta gyara. Ku daina tambayarsa. Ku yi kuskure a gabansa."

Dakta ta ce, "Da gangan? A'a, Malam. Wannan ai yaudara ce. Mutumin da ya riƙe ni kamar 'yarsa, yanzu don ba shi da lafiya in riƙa yi masa wasan yara?"

Malam Dauda ya ce, "To 'yata, zauna ki yi ta girmama shi a kan kujera, a binne shi da abinsa. Ke kika san wanne ne girman."

Ranar ba mu ƙara yin komai ba. Washegari da muka je ɗaukar Farfesa, Hajiya ta tare mu a ƙofa ta ce, "Me kuka yi masa jiya? Ya cinye tuwonsa tas, har yana yi mini faɗan wai Tasi'u ya fara lalacewa." Dakta ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi. Da muka isa gona ita ta fara miƙo hannu ta ce in ba ta ƙyalle.

To, ku da kuke ganin komai da sauƙi, kuskure ma sana'a ne. In ka ɗaura wa matacciya ƙyalle, tsaki kawai zai ja ya kau da kai. Sai kuskuren ya yi kusa da daidai, irin wanda mai hankali zai iya yi, shi ke taso shi daga kujera. A nan Dakta ta fi ni nesa ba kusa ba, don ta san inda iliminta ya tsaya, sai ta ɗaura ƙyallen daidai wurin. Wayarta na aljihun riga tana ɗaukar murya. Ranar da ta fara ce masa, "Me ya sa, Malam?" sai da ta haɗa da ban haƙuri. Shi kuwa ko a jikinsa, ya hau bayani kamar dama jira yake.

Ta tsallake wata mai busassun ganye a ƙasa ta ɗaura wa ta kusa da ita mai tsabta. Ya ce, "Kin bar mai wayo kin ɗauki mai kwalliya. Dubi wannan, ta tura gubar cikin tsofaffin ganyenta ta bar na sama da lafiya. Waccan kuwa ta raba wa kowa, murza kanta ki ji, rabi iska ce." Wata rana ta ɗaura wa wadda ta jure sosai amma ba ta gama fitar da kai ba. Ya ce, "Ki ba manomi wannan, kowa ya yanke tasa ya bar shi shi kaɗai da tsuntsayen gari?" Irin waɗannan babu ko ɗaya a cikin takardunsa. Shi kansa bai san ya san su ba sai da ya ga ana ɓata su.

Dakta ba ta rufe abin a ofis ba. Abin da aka samu da safe, da yamma ta tura wa sauran malaman sashe. Masanin ƙasar nan na bayan bango ya ji, ya zo da kansa ya shiga taɓo, ya nuna mana inda kanwar ta fi kauri, ashe ya daɗe da auna wurin babu wanda ya tambaye shi. Tun daga nan muka sauya tsari a gonar nan. Babu mai ɗaura ƙyalle sai ya faɗi dalilinsa da ƙarfi kowa ya ji. Ni ma nakan ɗaura wa maras kyau in yi shiru in ga wanda zai tanka. Wanda ya gani ya haɗiye don yana ganin furfurata, to bai girmama ni ba, kuma zan kai sunansa wurin Dakta.

Amma ƙarfin Farfesa raguwa yake yi. Wata safiyar ya yi gyara uku, wata ɗaya, wata sai mu yi ta ɗaure-ɗaure yana gyangyaɗi. Ga shinkafa ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka, Malam Dauda ya ce in ba a yanke ba za ta zube. Saura kusurwa ɗaya ba a taɓa ba, ita ce kuma mafi farin ƙasa, inda in akwai ta gaske a nan take.

Na riƙo hannun Farfesa muka shiga tare, Dakta na bayanmu. Na zaɓi wata 'yar gata a gefen kunya, irin wadda ya fara yi mini tsawa a kanta, na ɗaura mata ƙyalle a hankali yadda zai gani. Na jira. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce, "Ta yi kyau. Sannu da aiki, bawan Allah."

Bawan Allah. Na tsaya da hannu a kan ƙyallen, na kasa kwancewa, na kasa ɗagowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san an rufe ƙofar.

Sai na ji an ce, "Baba Tasi'u, cire wannan. Ta gefe ce, babu mai matse ta, ga rana ga iska. Taho nan." Dakta ce, ta wuce mu ta kutsa tsakiyar farin wurin, taɓo har gwiwa. Ba ni take kallo ba, ba Farfesa ba. Ta sunkuya kan wata gajera mai ƙonannun ganye a ƙasa, duk na kewaye da ita sun mutu. Ta murza kanta a tafin hannu ta ce, "Cike take. Ga ganyen sama ko tabo babu, kuma tare da saura ta nuna. Kawo ƙyalle." Ta matsa gaba ta ƙi wata, ta faɗi dalili, ta karɓi wata, ta faɗi dalili. Ina binta ina ɗaurawa. Jikokin gajerar nan su ne Malam Dauda yake nomawa a wurin yanzu, kuma 'ya'yansa ba su tafi birni ba.

Da na koma wurin Farfesa na tarar yana tsaye inda na bar shi, ya kafa mata ido. Ya jawo hannun rigata ya rage murya kamar mai tsegumi.

"Wai wace ce wannan yarinyar?"

Na ce, "Dakta Asma'u ce, ranka ya daɗe."

"Ta iya. Wallahi ta iya. Wa ya koyar da ita?"

Na ce, "Kai ne."

Ya daɗe yana kallona, yana neman alamar zolaya a fuskata. "Ni?"

"Kai, ranka ya daɗe."

Ya sake juyawa ya dube ta, tana can sunkuye cikin shinkafa ba ta san ana yi ba. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ashe na yi wani abu."

Sannan ya ce in fitar da shi, ƙafarsa ta yi sanyi.